Kifayen gilashi sun mutu sau biyu, maigida ya ce sakacina ne

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a nan Damagaram, yarana uku. Maigidana ɗan kasuwa ne mai yawan zuwa Kano. Ana tsakiyar zafi ya kawo wa ɗanmu na fari, mai shekara 9, akwatin gilashi na kifin ado mai cin lita 60, da jajayen kifaye 8, da tsakuwa mai launi-launi, da wani ɗan inji da ake maƙalawa cikin ruwan. Kwana biyu ya koma kan hanya, hidimar ta dawo kaina. Duk Juma'a nakan kwashe kifin in sa a roba, in zubar da ruwan, in wanke gilashin da tsakuwar da sabulu, in wanke soson injin, in cika da sabon ruwa. Duk da haka ruwan ya yi ta yin hazo, kifin suna tasowa sama suna haki, kafin wata ya zagayo sun ƙare. Ya sake kawo wasu, su ma yanzu saura biyu. Ya ce sakacina ne, kuma wai mai shago ya ce sai an sayi babbar matatar ruwa irin wadda ake ajewa ƙarƙashin tebur, da wata baƙar ƙasa ta musamman, kuɗin ya haura jaka 60. Surukata, da muke gida ɗaya, ta ce mu da ke sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa ba mu da na yi wa kifi wanka. Yaron kuwa kuka yake duk ran da ɗaya ya mutu. Na gaji. In bari a sayi injin, ko in ce a fitar da abin daga gidan?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Macen da ke kwashe lita 60 duk mako, ta durƙusa tana cuɗa tsakuwa, ga yara uku ga girki, ba a ce mata mai sakaci. Wannan ki cire shi daga ranki tun yanzu. Sai dai akwai maganar da ba za ta yi miki daɗi ba, kuma gara ki ji ta a bakina: wankin nan na Juma'a yana cikin abin da ya kashe kifin. Ba laifinki ba ne, don babu wanda ya gaya miki, kuma duk wanda aka raina a kan tsabta abin da zai yi ke nan. Amma akwatin kifi yana da irin tasa tsabtar.

Kifi yana fitar da wata guba da ake kira amoniya, ta wurin numfashinsa da kashinsa, ragowar abincin da ya ruɓe a ƙasa ma ita yake bayarwa. Ba ta da launi, ruwa zai iya zama garau alhali yana cike da ita. A tafki ruwa da yawa ne, sai ta baje. A cikin gilashi kuwa babu mai kawar da ita sai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani, waɗanda ke manne wa soson matata da jikin tsakuwa. Kashi ɗaya cikinsu na mayar da amoniya nitirit, wadda ita ma guba ce, wani kashin ya mayar da nitirit nitirat, mai sauƙin illa, wadda ake ragewa ta hanyar canza ɗan ruwa. Kafin waɗannan ƙwayoyi su yi yawan da zai ɗauke dattin kifin, sai an yi mako 4 zuwa 6. Sabulu na kashe su, maganin jabel da ke cikin ruwan famfo na kashe su, bushewa ma haka. Kin ga ke nan duk Juma'a aikin yana komawa farko, akwatinku bai taɓa wuce mako ɗaya da haihuwa ba. Hazon da kike gani alama ce ta sabon akwatin da bai zauna ba, da an ƙyale shi da kansa zai washe.

Ga zafi kuma. Ruwa mai ɗumi bai riƙe iskar shaƙa kamar mai sanyi: a digiri 20 lita ɗaya na ɗaukar kusan miligiram 9, a digiri 30 kuwa wajen 7 da rabi. Kifin kuma a zafi ya fi buƙatar iskar, amoniyar ma ta fi cizo. Ke kin san Afrilu da Mayun Damagaram, inda awo ke haura 40. Hakin da suke yi a saman ruwa daga nan yake.

Maigida ma yana da nasa kason, ko da bai sani ba. Jajayen kifin nan da ake sayarwa ƙanana kamar yatsa suna girma su kai santimita 15 zuwa 20, ga ci ga yawan kashi, kuma asalinsu kifin ruwan sanyi ne. Biyu ma sun yi wa lita 60 yawa idan suka girma, balle 8 da aka zuba rana ɗaya cikin akwatin da babu ƙwayar bakteriya ko ɗaya. Ko da ba ki taɓa ruwan ba, da wuya su kai labari. Ban faɗi haka don ki je ki yi masa gori ba. Uba ne da ya so ganin murnar ɗansa, ya kashe kuɗi sau biyu, abin ya lalace a gaban mahaifiyarsa. Namiji a irin wannan hali yakan nemi inda zai sauke kunyarsa, ke ce kuma a kusa. Bai kyauta ba, amma ina ganin takaici ne ke magana, ba raini ba.

Mai shago kuwa ba sai ya zama macuci ba. Babbar matatar da ya ambata kaya ce mai kyau, a gidan da ya dace da ita. Rufaffiyar tukunya ce da ke zaune wajen akwatin, tana jan ruwa ta tiyo ɗaya tana maido shi ta wani, kuma galibi don manyan akwatuna masu lita 200 ko fiye aka yi ta. Rauninta shi ne abin da ya fi damunmu a nan: idan wuta ta ɗauke na awoyi, ruwan cikinta ya tsaya cik a rufe, iska ta ƙare, ƙwayoyin su fara mutuwa. Da wutar ta dawo sai ta antayo wannan gurɓataccen ruwa kan kifin, wataƙila kuna barci. A garin da lokacin bazara wuta ke tafiya ta daɗe, ban ga hikimar zuba jaka 60 a kanta ba. Ba ta kuma maganin cunkoson kifi, ba ta hana sabulu aikinsa.

Abin da zan zaɓa miki, da gidana ne, shi ne matatar soso. Dunƙulen soso ne mai bututu a tsakiya, ana ajiye shi a kusurwar akwatin, a haɗa shi da siririn tiyo zuwa ɗan famfon iska da ke waje. Kumfar iskar na hawa ta bututun tana jan ruwa ta cikin soson, datti ya maƙale, ƙwayoyin su sami mazauni mai faɗi, kumfar kuma ta motsa saman ruwa iska ta shiga. Aiki biyu ke nan a lokaci guda, tacewa da shaƙa, kuma na biyun shi ne kifinku suka fi rasawa. Famfon bai cin wuta, wat 2 zuwa 5 ne, har akwai irin da ke aiki da igiyar cajin waya, wanda batirin ajiya na waya zai riƙe shi awoyi masu yawa. Ko ya tsaya ma, soson na cikin buɗaɗɗen ruwa, ƙwayoyin sun fi jurewa. Abu ɗaya a kiyaye: a ɗora famfon sama da bakin ruwan, ko a sa wa tiyon ɗan makullin nan mai hana ruwa komowa, don in wuta ta ɗauke ruwa na iya biyo tiyon ya shiga famfon ya malale ɗaki. Aibinta kuwa ba ta da kyan gani, kuma famfon na ɗan gurnani da dare. A ɗora shi kan tsumma, a ɓoye soson bayan dutse.

Kada ki jefar da ɗan injin da kuke da shi. Duba jikinsa, za ki ga an rubuta litar da yake juyawa a awa. Ana so matata ta juya ruwan akwati sau 4 ko 5 a awa, wato naku yana neman lita 240 zuwa 300. In ya kai haka, ya isa ya yi aiki tare da soson, a karkata bakinsa sama ya riƙa kaɗa fuskar ruwa. Baƙin gawayin da ake cusawa cikin wasu matatu ba dole ba ne, ƙarfinsa ma makonni kaɗan ne, kuma kada wani ya ce a maye shi da gawayin girki.

Wankin soso, ko na wace matata ce, sau ɗaya a wata ya isa, ko in kika ga kumfar ta ragu. A ɗebi ruwan akwatin a bokiti, a matsa soson a ciki sau uku ko huɗu, a mayar da shi da launinsa na ƙasa-ƙasa. Wannan launin da ke ba ki ƙyama shi ne dukiyar. In kun san wani mai akwatin kifi da ya daɗe kuma kifinsa lafiya lau, ku roƙi ya matse muku sosonsa a leda ku zuba wa naku ranar. Kamar yadda ake sa ɗan tsohon nono cikin madara ta kwana ta zama kindirmo, haka yake gajarta muku jiran.

Sai batun shimfiɗar ƙasa. Baƙar ƙasar da mai shago ya ce, ta masu shuka tsirrai ce a cikin ruwa, masu fitila ta musamman da taki. Da yawa daga irinta kan saki amoniya a makonnin farko, wato abin da kuke gudu, daga baya kuma ta marmashe ta zama laka. Ba ku da buƙatarta. Kifi bai damu da launin abin da ke ƙarƙashinsa ba. Abin nema shi ne kada ya narke cikin ruwa, kada ya yi kaifi, kada ya ɓoye datti. Tsakuwa mai girman milimita 2 zuwa 5 ta fi sauƙin sha'ani, kaurinta kamar yatsu biyu a kwance, santimita 3. Ga akwatinku wajen kilo 8 ke nan. Manyan duwatsu abinci ke faɗawa tsakaninsu ya ruɓe inda hannu bai kai, jan kifi kuma mai yawan tono ne, tsakuwa mai girman wake na iya maƙale masa a baki. Yashi mai laushi ƙwarai in ya yi kauri sai ya danne, iska ta kasa shiga, ya yi baƙi yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, saboda haka in yashi kika zaɓa kada ya wuce santimita 2.

Tsakuwarku mai launi ta sha sabulu sau da yawa. Ki ɗebi kaɗan ki murza a farin tsumma: in fenti ya fito, a zubar. In bai fito ba, a ɗauraye ta da ruwa zalla har santsi da ƙamshi su ɓace, wannan ya zama wankinta na ƙarshe. In kuma sabuwa za a nema, ba sai an je Kano ba. Garinmu kan dutse yake zaune, kuma irin manyan duwatsun nan da suka kewaye Birni ba sa narkewa cikin ruwa, ɓarɓashinsu mai kyau ne muddin ba mai kaifi ba ne. Yashin korama mai manyan ƙwayoyi ma ya yi. A tankaɗe shi da rariya a fitar da ƙura, a wanke har ruwan ya fito fari, a tafasa a tsohuwar tukunya, ya huce. Ƙananan tsakuwa da yashi nake nufi, babban dutse ba a ɗora shi a wuta, ruwan zafi ake kwarara masa. Kada a ɗebo kusa da kwata, ko majema, ko gonar da ake fesa magani, ko wurin da ƙasa ke fitar da kanwa. Duk dutsen da kike shakka, ɗiga masa binegar: in ya yi kumfa yana da farar ƙasa a jiki, zai riƙa sauya ruwan, a bar shi. Wankin yashi na cin ruwa, gaskiya, amma sau ɗaya ne, kuma ruwan ya yi yayyafin tsakar gida. Akwai ma masu barin gindin akwatin haka nan babu komai, datti a fili ana zuƙe shi nan take. Bai da ado, amma in ruwa ya yi wuya a unguwa ba laifi ba ne.

Wannan ya kawo mu kan Hajiya surukarki, wadda a ganina ita ta fi kowa gaskiya a gidan. Duk wanda ya girma a Damagaram ya san layin bido a bakin famfo tun asuba. Lita 60 duk mako bido uku ne, da kuɗi aka saya, ana sheƙawa a kwata. Dole ranta ya ɓaci. To, daidai ɗin ma shi ne abin da zai faranta mata: idan akwati ya zauna, kashi ɗaya cikin huɗu kawai ake canzawa a mako, lita 15, bai kai bido ɗaya ba. Kifin na ciki ba a taɓa su, a zura tiyo cikin tsakuwa a zuƙe datti zuwa bokiti. Ruwan da aka cire kuma taki ne, saboda nitirat ɗin nan, a ba zogale ko lemon da ke tsakar gida. Ki nuna mata bokitin da idonta, ki ce, Hajiya, ga iyakar abin da za a riƙa ɗiba, kuma shuka za ta sha. Ba sai kin yi mata dogon bayani ba.

Sabon ruwan da za a zuba a bar shi a buɗaɗɗen bokiti kwana ɗaya ko biyu maganin jabel ya fice, a kuma ajiye shi ɗakin da akwatin yake don ɗuminsu ya zo ɗaya. In maigida ya sami ɗigon nan na kashe jabel da masu kayan kifi ke sayarwa, ya fi tabbas. Ki lura da bidon mai ga-ruwa, wanda ya taɓa ɗaukar fetur ko mai bai yi ba. Cika gurbin ruwan da zafi ya shanye kuma daban yake da canji, don tururi ruwa kawai yake ɗauka, dattin na nan. Akwatin ya nisanci taga mai rana, a rufe shi saboda ƙurar hunturu. Da zafi, fanka mai hura saman ruwa na rage masa digiri biyu ko uku. Ga kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba: maganin sauro na feshi guba ne mai tsanani ga kifi. In za a fesa, a kashe famfon iska, a lulluɓe akwatin da zane, sai ɗakin ya sha iska a kunna.

Kifi biyun da suka rage su za a lallaɓa. Mako shida masu zuwa kada a ƙara ko ɗaya. Abinci sau ɗaya a rana, abin da za su cinye cikin minti biyu, in wuta ta daɗe ba ta dawo ba a tsallake ranar, yunwar kwana ɗaya ba ta kashe kifi. Tunda ƙwayoyin ba su kafu ba, a wannan tsakanin canjin lita 15 zai zama duk bayan kwana biyu ko uku, ki gaya wa Hajiya haka tun farko kada ta ga kamar an saɓa alkawari. In babu wuta babu batir kuma kika ga suna haki, ɗebi ruwan da kofi ki riƙa kwararo shi daga sama. Gaba in ana son ƙari, ba jajaye ba. A nema wa waɗannan biyun wurin da ya fi girma, a kawo ƙanana irin gufi guda 5 ko 6, masu jure ɗumi, maza zalla in ba ku son su cika akwatin da 'ya'ya, sai dai a kula musu da sanyin daren hunturu. Kada kuma yara su ɗebo 'ya'yan karfasa ko tarwaɗa daga tafki, wata kaɗan za su fi ƙarfin gilashin.

Maigida ki same shi ku biyu, bayan ya ci ya huta, ba gaban Hajiya ba. Kada ki fara da wanke kanki. Ce masa kin bincika, kin gano wankin da kike yi da yawan kifin su suka haɗu, kuma akwai hanyar da ba ta kai ko kusa da kuɗin da aka yanka masa ba. Idan kika fara ajiye naki kason, zai fi sauƙin ɗaukar nasa. Ki rubuta masa abu uku a takarda: matatar soso ta akwatin lita 60, famfon iska mai igiyar cajin waya, tiyo da makullinsa. Ki roƙi mako shida. Daga nan, cikin sanyin murya, ki gaya masa kalmar sakaci ta yi miki ciwo. Wannan haƙƙinki ne, kada ki haɗiye shi, kuma ki nemi ran da yake gari canjin ruwa ya zama nasa shi da ɗansa. In ya kafe sai babbar matatar, kuɗinsa ne, kada ya zama rigima. Sharaɗi kawai a haɗa da famfon iska, kuma duk ran da wuta ta yi awoyi a cire matatar daga soket, a zubar da ruwan cikinta kafin a sake kunnawa.

Yaro ɗan shekara 9 ya isa a gaya masa dalilin mutuwar kifinsa da irin harshensa, ya kuma isa riƙe ciyarwa. Ki auna masa abincin a murfin kwalba, don yara da ƙauna suke cika hannu, kuma ƙannensa kada su sa hannu a ruwan.

Amma in kin duba zuciyarki kin ga ko wannan ɗan aikin ya yi miki yawa, faɗi. Ba ke kika kawo su ba, rai ne kuma da aka tsare a gilashi, barinsa hannun wanda zai kula ya fi riƙe shi a kan dole. A ba wani mai sha'awa akwatin da kifin, yaron ya riƙa zuwa gani, kada dai a sake su a tafki. In kuma kin yanke gwadawa, ki sake rubuto mini bayan mako shidan, ki faɗa mini yadda ruwan yake da sassafe da abin da aka rubuta a jikin ɗan injin nan, mu ga ko lokacin ƙara kifi ya yi.